A Sauke Injin Tsofaffin Taraktoci Tun Rani Bai Wuce Ba

Daga Wakilinmu

Duk wanda aikinsa ya sa shi yawan shiga harabar ma'aikatun gona da sakatariyoyin ƙananan hukumomi a Arewacin ƙasar nan, ba ya rasa ganin tsofaffin taraktoci a jere a bayan ofis, tayoyinsu sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, wata ma har kaza ta mayar da kujerar direba akurki. In ka tambayi dalili, amsa guda ce za a ba ka, watau inji ya buga. Da zarar an faɗi haka kuwa sai kowa ya ɗauka magana ta ƙare, kamar an ce an riga an yi wa mamaci sutura. Daga nan sai a buɗe sabon fayil na neman kuɗin sayo wata.

A ganina maganar ba ta ƙare ba, kuma babu inda ya fi cancanta a sake dubanta kamar ƙasar Danko, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi. Danko tana ɗaya daga cikin ƙasashe biyar da suka haɗu suka yi Masarautar Zuru, sauran su ne Dabai da Fakai da Sakaba da Wasagu, kuma tana cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu mai hedkwata a Ribah. Ruwan sama yakan riga sauka a nan kafin ya kai Birnin Kebbi ko Argungu, ƙasar kuma tana karɓar dawa da masara da shinkafa da wake. Mutanen wannan yanki kuwa ba sai an koya musu noma ba. Al'adar golmo ta Dakarkari, inda saurayi yake shafe shekaru yana yi wa surukansa noma tare da tsaransa kafin a ba shi mata, ta isa shaida cewa a nan da fartanya ake auna namiji.

Amma zamani ya juya. Samarin da a da suke cika gona sun watsu, wasu suna makaranta, wasu suna aikin soja kamar yadda aka san 'yan ƙasar Zuru da shi tun tuni, wasu sun shiga birane neman kuɗi. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta addabi yankin a 'yan shekarun nan, wadda ta sa manomi ba ya son ya daɗe a gona mai nisa da gari, so yake ya gama aikinsa da wuri ya koma gida tun rana ba ta yi sanyi ba. Aikin da mutum goma za su kwana biyu suna yi da garmar hannu, tarakta mai lafiya takan gama shi kafin azahar. Lokacin huɗa da shuka kuwa 'yan makonni ne. Wanda ya biya kuɗin haya tun watan Afrilu, aka yi ta ce masa gobe, jibi, har tsakiyar Yuni domin tarakta tana gareji, ya riga ya yi asarar wani kashi na amfanin gonarsa tun bai zuba iri ba, kuma babu ofishin da zai biya shi diyya.

Kafin mu yi nisa, bari mu leƙa cikin wannan ƙarfe, domin da yawa daga cikin masu sa hannu a takardar jingine tarakta ba su taɓa ganin cikinsa ba. Injin dizal, wanda ya samo sunansa daga Bajamushen nan Rudolf Diesel da ya ƙago shi a shekarun 1890, ba shi da fulogi irin na motar fetur. Fistan ne yake zuƙo iska zalla cikin silinda, sa'an nan ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta na farko. Wannan matsi shi ke sa iskar ta yi zafin da ya haura digiri 500, a daidai lokacin sai nozul ya feso man gas kamar hazo, man ya kama da wuta don kansa, ya tunkuɗa fistan ƙasa, fistan kuma ya juya gwauron ƙarfen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da makanikai ke kira karanshaf, wanda daga gare shi ne ƙarfi yake bi ta giya ya isa tayoyi. Ashe ke nan duk ƙarfin injin ya rataya ne a kan matsin iska. Ranar da ringin da ke kewaye da fistan ya cinye, bangon silinda kuma ya side, iska ta sami hanyar sulalewa, ranar ce tarakta za ta fara ƙin tashi da safe sai an ja ta, ta riƙa shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, ta kasa jan garma mai faifai uku a ƙasar da a da take keta ta kamar wasa.

Abin da ba a cika gaya wa jama'a ba shi ne, waɗanda suka ƙera injin sun san duk wannan zai faru, kuma sun yi masa tanadi tun daga masana'anta. Ɗauki injin Perkins, na kamfanin da aka kafa a garin Peterborough na Ingila a 1932, wanda shi ne a cikin yawancin jajayen taraktocin Massey Ferguson da manomanmu suka sani. Ƙaramar nan MF 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, tana da silinda uku da ƙarfin doki wajen 45. Babbar yayarta a aiki, MF 375, tana da silinda huɗu, injin mai cin lita 3.9, da ƙarfin doki wajen 75. A cikin waɗannan injuna, bangon da fistan yake gogawa wani bututun ƙarfe ne dabam da aka zura cikin gangar injin kamar yadda ake zura wuƙa cikin kube. In ya side, sai a zare shi a zura sabo. Haka kuma karanshaf yana juyawa ne a kan wasu 'yan ɓawon ƙarfe masu laushi da ake kira metal, an yi su da laushi da gangan domin su su cinye, su bar ƙarfe mai tsada da lafiyarsa. In ma karanshaf ɗin ya sami zane, akwai injin da ke dadde shi a rage masa kauri da rubu'in milimita, a sa masa metal mai kauri daidai da abin da aka rage, kuma ana iya yin haka sau biyu ko uku a rayuwarsa. Yawancin abin da ake kira bugawar inji bai wuce wannan ba: baƙin mai ya yanke, metal ya ƙone, ƙarfe ya fara dukan ƙarfe.

Sauke injin a warware shi ƙusa-ƙusa, a auna kowane abu, a canza wanda ya cinye, a sake ɗaure shi, shi ne aikin da ake kira garambawul. Kalmar ta makanikai ce tun asali, ko da yake yanzu an fi jin ta a bakin masu karanta labarai in Gwamna ya sauya wa kwamishinoninsa ma'aikatu. Injin da aka yi wa garambawul na gaskiya yakan dawo da kusan dukan ƙarfinsa na farko, ya kuma sake ba da dubban sa'o'i na aiki, alhali kuɗin kayan da aka sa masa ɗan ƙaramin kashi ne na kuɗin sabuwar tarakta. Kayan kuwa ba su ɓace daga duniya ba. Har gobe kamfanin Millat na birnin Lahore a Pakistan yana ƙera taraktocin Massey Ferguson bisa lasisi, kamfanin TAFE na Indiya ma ya shafe shekaru da dama yana yin haka, saboda haka fistan da ringi da gasket na waɗannan injuna suna nan a kasuwa, ana kuwa samunsu a Kano da Kaduna da Legas.

To, in haka abin yake, me ya sa manoma da yawa suke cewa gyaran inji zubar da kuɗi ne? Dalili shi ne abin da aka saba yi musu rabin aiki ne aka laƙaba masa sunan garambawul. Mai tarakta ya ƙi sauke inji duk tsawon rani, sai da hadari ya fara haɗuwa sa'an nan ya tuna. Makanike ya buɗe kan injin a gindin bishiya, iska tana kwaso rairayi tana zubawa a ciki, ya canza ringi kaɗai ya bar tsohon bututun da ya riga ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira. Babu ma'aunin da zai gaya masa nawa ƙarfe ya cinye, da yatsa yake shafawa. Alhali tazarar da ake bari tsakanin karanshaf da metal, inda baƙin mai yake ratsawa, ba ta wuce kaurin silin gashin kai ba, yatsa kuwa ba ya jin wannan. In an zo ɗaure kan injin, wanda ƙa'ida ta ce a bi ƙusoshinsa daki-daki daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, kowace ƙusa da ƙarfin da littafin kamfani ya faɗa, sai a sa wa sifana dogon bututu, yaron gareji ya hau ya danna har sai ta yi ƙara. Bayan mako uku gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, mai tarakta ya rantse ba zai sake gyara ba.

Ban ɗora wa makaniken laifin duka ba. Mutumin da ya koyi aiki a hannun ubangidansa, ba tare da littafi ko ma'auni ba, amma yake iya tayar da injin da ya girme shi, gwani ne, kuma da irinsa ne noman tarakta ya rayu a ƙauyukanmu har yau. Kayan aiki aka hana shi, mai tarakta kuma yana tsaye a kansa yana cewa a sayo mai araha. Kasuwar kayan gyara cike take da jabu, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma ringin ciki ba zai ga ƙarshen damina ba. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma ɓangaren da ko gwanin makanike ba ya iya taɓa shi a gareji, watau famfon da ke rarraba man gas, wanda aka fi sani da injekta, da nozul-nozul ɗinsa. Ƙarafan cikinsa an daidaita su da juna fiye da na agogo, kuma sai a kan wani injin gwaji na musamman ake iya saita yawan man da zai ba kowace silinda. Wanda ya sa sababbin fistan ya bar nozul mai ɗigo, man da bai ƙone ba zai wanke baƙin man da ke jikin silinda, sabon ringi ya cinye cikin 'yan watanni. Irin wannan injin gwaji, da injin dadde karanshaf, a manyan birane aka fi samunsu. Mai tarakta a Danko sai ya ɗaure ƙarfensa a buhu ya kama doguwar hanya, ya kwana ya wuni, ya dawo bai san ko an yi aikin daidai ba sai ya ɗaura.

Ya kamata kuma a tambaya, me yake cinye injin tun lokacinsa bai yi ba? Babban abokin gaba shi ne ƙura. Injin mai lita 3.9 da ke juyawa sau 2,000 a minti yana zuƙar iska fiye da lita 3,000 a kowane minti, watau a wunin aiki na sa'a takwas ya haura lita miliyan ɗaya. Mai karatu ya tuna irin ƙurar da ke tashi a bayan haro a busasshiyar gona kafin ruwa ya zauna. In matatar iska ta huje, ko direba ya cire ta ya ajiye domin wai tana shaƙe injin, ko kwanon man da ke ƙarƙashin tsohuwar irin matatar ya bushe ba a kula ba, to wannan ƙura tana shiga ta gauraya da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Sai man gas na bakin hanya da aka sirka da kananzir ko ya sha ruwa a cikin duro, wanda ke kashe injekta, domin man gas ɗin ne da kansa yake sanya wa ƙarafan cikinta santsi. Sai ruwan rafi mai laka da ake ɗurawa a lagireto har hanyoyinsa su toshe. Baƙin mai kuwa, wanda a irin waɗannan injuna akan so a juye shi bayan sa'o'i 250 na aiki ko kusa da haka, sau da yawa ƙari kawai ake yi masa daga shekara zuwa shekara. Duk wanda ya kashe kuɗi ya yi garambawul ya mayar da tarakta hannun direban da bai san waɗannan ba, ya shirya sake sauke ta baɗi.

Yanzu sai mu koma ga hukuma. Tarihin noman zamani a ƙasar nan tarihin sayayya ne. An yi shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, aka yi Juyin Noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980, aka kafa masana'antar Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano don harhaɗa taraktoci da manyan motoci, aikin da ya yi ta ja da baya bayan tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986. A watan Nuwamba na 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya, wanda ya sa sunan jihar ya fito a noman shinkafa. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka kawo daga ƙasar Belarus. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikin waɗannan, ƙasar nan tana bukatar taraktoci fiye da waɗanda take da su nesa ba kusa ba. Abin da nake ƙi shi ne kowane shiri ya zo da irin tasa tarakta daga wata ƙasa dabam, ba tare da rumbun kayan gyara ko horar da makanikai ba, har ya zama bayan damina uku ko huɗu sabuwar ta je ta yi layi a bayan tsohuwar. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, ƙaramar hukumar da ke jiran a sayo mata sababbi za ta daɗe tana jira.

Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi sun fi ni sanin inda gizo yake saƙa. Sayen tarakta yana ƙarƙashin manyan ayyuka a kasafin kuɗi, yana da kwangila, yana da bikin ƙaddamarwa da makaɗa da masu ɗaukar hoto. Gyara kuwa yana ƙarƙashin kuɗin yau da kullum, wanda shi ake fara yankewa in wata ya yi nisa, kuma ba a taɓa gayyatar Gwamna ya yanke ƙyalle don an canza wa inji fistan ba. Ƙarshenta sai a naɗa kwamiti ya zagaya ya rubuta cewa motocin sun mutu, a yi gwanjonsu a kuɗin ƙarfe. Abin mamaki, wanda ya saya a gwanjo yakan kai ta gareji, bayan wata biyu ka gan ta tana huɗa ana biyansa haya. Shi ya ga abin da kwamiti bai gani ba, ko kuwa kwamitin ya gani ya kau da kai.

Gaskiya ne ba kowace tsohuwar tarakta ce ta cancanci a kashe mata kuɗi ba. Wadda gangar injinta ta tsage, ko sandar fistan ta ɓalle ta huda gefe, ko wadda giya da na'urar ɗaga garma da injin duk suka mutu tare, gara a yanka ta a raba wa 'yan'uwanta kayan. Haka kuma wadda aka daina ƙera kayanta. Gaskiya ne kuma kuɗin gyara ma ana iya cinye shi, a shafa wa mota jan fenti a rubuta an yi garambawul. Maganin wannan ba shi da wuya ga wanda yake son ya yi: kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai tarakta ta shiga gona ta yi huɗa a gaban Malamin Gona da wakilin manoma, kuma tsofaffin fistan da metal da aka cire a mayar da su sito a rubuta. Kowace tarakta a ba ta littafinta, a riƙa rubuta sa'o'in da ta yi da ranar da aka juye mata mai, kamar yadda ake yi wa motocin ofis a da.

Babbar damar da ƙasar Zuru take da ita, wadda wurare da yawa ba su da irinta, ita ce Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, a gurbin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta jihar. Da Gwamnatin Jiha da jami'ar za su haɗa hannu su tsayar da ɗakin gyara guda ɗaya mai rufi da daɓen siminti, mai injin gwada injekta da na dadde karanshaf da ma'aunai, da mai tarakta daga Danko ko Ribah ko Bena ya huta da dogon zango. Makanikan gari su zo da aikinsu su biya kuɗi kaɗan a auna musu, a kuma riƙa kiransu kwas na mako biyu a lokacin rani, da Hausa da C'lela, ba tare da an tambaye su takardar shaidar makaranta ba. Ɗalibai kuma, waɗanda wasunsu sukan gama karatun injiniya ba su taɓa riƙe fistan a hannu ba, su sami injin gaske su warware su ɗaure a ƙarƙashin idon malami da na tsohon makanike. Ɗalibin da ya tayar da mataccen inji da hannunsa ba zai zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba, domin kowace damina masu nemansa suna nan.

Masu taraktocin haya da ƙungiyoyin manoma su ma akwai nasu. A cikin kuɗin kowace kadada da aka huɗa akwai rabon man gas, akwai na direba, akwai kuma rabon injin da kansa, wanda ya kamata a ware a ajiye domin ranar sauke shi. Yawanci wannan kason ne ake haɗawa da riba a yi hidimar gida da shi, sai ranar da hayaƙi ya canza launi a shiga neman rance.

Lokacin aikin kuwa sananne ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Da an gama kai amfanin gona gida, an yi bikin Uhola, sai a wanke tarakta a shigar da ita inuwa a sauke injin cikin Disamba ko farkon Janairu. A auna, a rubuta abin da ake bukata, a aika da injekta da karanshaf inda za a yi musu aiki, a sayo kaya a hannun dillalin da zai karɓi abinsa in ya zama jabu. A ɗaure cikin Fabrairu, bayan an wanke kowace hanyar mai da ke cikin gangar injin. Sabon ɗauri ba a barinsa yana ta kaɗawa a tsaye, ba a kuma ɗora masa garma mai nauyi a ranar farko. A ba shi matsakaicin aiki, kamar jan tirela ta taki zuwa gona cikin Maris, har ya cika sa'o'i 50, sa'an nan a juye mai, a canza matata, a sake bin ƙusoshin kan injin da saitin bawul. Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu da Ma'aikatar Gona ta Jiha, in suna son taraktocin yankin su shiga gona da ruwan farko, to kuɗin wannan aiki a watan Disamba ya kamata ya fito.